ZAƁEN SIL DA GASKIT NA TSOHON BABUR

Bayani ga masu babura da kanikawa na ƙasar Batsari da ta Safana

An shirya wannan takarda domin mutanen ƙasar Batsari da ta Safana waɗanda har yanzu su ke hawan tsofaffin babura masu hayaƙi, irin su Suzuki A100 da AX100, da Jincheng, da Yamaha YB100, da Vespa. An shirya ta kuma domin kanikawan da ke gyara su, da yaran da ke koyon sana'a a hannunsu. Maganarmu a kan abubuwa biyu ne ƙanana. Na farko shi ne zoben roba da a ke kira oyal-sil, ko sil a taƙaice. Na biyu shi ne shimfiɗar takarda ko ta ƙarfe da a ke sawa tsakanin sassan inji, watau gaskit. Kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da na fistan ko na silinda. Duk da haka injuna da yawa sun mutu tun kwanansu bai ƙare ba, saboda an sa musu sil marar kyau ko gaskit wanda ba nasu ba.

DALILIN WANNAN BAYANI

Kowa ya san amfanin babur a wannan yanki. Ƙauyuka da yawa suna nesa da kwalta. Babur ne ke kai rogo da hatsi kasuwar Batsari, shi ke ɗauko taki zuwa gona, shi kuma ke kai mai naƙuda asibiti. Mutumin da ya taso daga Ruma ko Wagini, ko daga Runka zuwa Safana, lalle yana bukatar abin hawan da zai kai shi ya komo da shi.

Ban da wannan, ƙasashen nan biyu suna bakin dajin Rugu, kuma sun sha wahalar 'yan bindiga shekara da shekaru. A shekarar 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaro wadda ta hana sayar da fetur cikin jarka, ta kuma hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. Wanda ya ga wannan zamani ba ya bukatar a gaya masa abin da ke cikin mutuwar babur a tsakiyar daji, rana tana shirin faɗuwa.

Sa'an nan ga tsadar mai. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, inji mai yoyo kuwa ɓarnar mai ya ke yi kullum.

Kayan gyaran waɗannan babura kuma sai raguwa su ke yi. Suzuki A100 ya fito tun 1966. Vespa ta girme shi, gama kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera ta a 1946. A 2011 hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli ta fitar da dokokin hayaƙin ababen hawa, waɗanda suka hana shigo da injuna irin waɗannan. 'Yan kabu-kabu kuwa galibinsu sun koma Bajaj Boxer. Saboda haka abin da ya rage a shaguna kashi uku ne: tsohon ajiya, da na kwaikwayo mai kyau, da jabu. Aikin mai saye shi ne ya iya rarrabe su.

YADDA INJIN KE AIKI

Ba za a gane muhimmancin sil ba sai an san yadda injin ke numfashi. Injin waɗannan babura mai bugu biyu ne, watau fistan ya hau sau ɗaya, ya sauko sau ɗaya, wuta ta tashi. Kanikawa suna ce masa tu-sitirok. Na Boxer mai bugu huɗu ne, yana da baƙin mai kwance a ƙasansa. Mai bugu biyu ba haka ya ke ba.

Ƙarƙashin fistan akwai tukunyar da kiranshaf ke juyawa a ciki. Sa'ad da fistan ya hau, sai tukunyar ta zuƙo iska da fetur daga kafireto, tare da man 2T. Sa'ad da ya sauko, sai ya matse su, ya tura su ta ƙofofin da ke jikin silinda zuwa sama, inda fulogi zai kunna su. Ashe ke nan tukunyar nan zugazugi ce, irin ta maƙera. Kowa kuwa ya san zugazugin da ya huje ba ya hura wuta.

Kiranshaf yana da hannu biyu da suka fito waje. Ɗaya yana ɗauke da maganeto mai ba da wuta, ɗaya yana juya kuloci. A kowane hannu akwai sil da ke toshe kewayen ƙarfen, ƙarfen yana juyawa sau dubu huɗu ko biyar a minti ɗaya, leɓen robar yana rungume da shi. Sauran mahaɗai, inda ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe ba motsi, gaskit ne ko gam ke toshe su. Muddin waɗannan suna da lafiya, iska ba ta da hanyar shiga sai ta kafireto, inda a ke auna mata fetur daidai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ALAMUN SIL YA MUTU

In sil na gefen maganeto ya mutu, iska tsura ce ke shiga, ba fetur ba mai. Alamunsa ke nan. Babur yana wuyar tashi da safe. Silo ba ya zama wuri ɗaya: in an saki totur, inji ya daɗe yana kuka kafin ya sauko. Yana zafi fiye da yadda aka saba. In an kwance fulogi sai a ga bakinsa fari kamar toka, alhali na lafiyayyen inji ruwan ƙasa ne. In an cire maganeto za a tarar da ƙura mai maiƙo ta taru a bayansa. Wannan shi ne mafi haɗari, gama wani lokaci babur ya kan ƙara zafin gudu kafin ya mutu, mai shi yana murna. Ƙarshensa fistan ya kama cikin silinda, ko kuwa ya huje a ka. In ya kama ana cikin gudu, tayar baya tana iya cijewa ta kayar da mutum da abin da ya ɗauko.

In na gefen kuloci ne ya mutu, man giya ne inji ke zuƙowa ya ƙone. Hayaƙi ya yi kauri, warinsa ya bambanta da na man 2T. Fulogi ya riƙa yin baƙi yana jiƙewa, baƙin maiƙo yana ɗiga daga bakin salansa. Babbar shaida ita ce man giya yana raguwa, ba a kuwa ga inda ya zuba a ƙasa ba.

Mutane da yawa in sun ga waɗannan alamu sai su kama murɗa kafireto, ko su riƙa sayen fulogi kowane mako. Wannan ɓoye ciwo ne. Kafin a taɓa kafireto, a duba sil.

ABUBUWA HUƊU DA ZA KA DUBA WAJEN SAYEN SIL

Na ɗaya, awo. A jikin kowane sil na kirki akwai lambobi uku. In ka ga 20-35-7, ma'anarsa faɗin ramin ciki milimita 20 ne, faɗin waje 35, kauri 7. Wannan misali ne kawai, kowane babur da nasa. Ka tafi shago da tsohon sil ɗinka, ka karanta lambarsa da idonka. In ta goge, a auna ƙarfen da gurbin da ma'aunin kanikawa, kada a auna tsohuwar robar, gama ta riga ta ci. Kada ka yarda da maganar "zai shiga". Bambancin milimita ɗaya ya isa iska ta wuce. Ka sani kuma na hagu da na dama sau da yawa ba awonsu ɗaya ba. Jincheng AX100, wanda a ke ƙerawa a birnin Nanjing na ƙasar Sin, an gina shi ne bisa tsarin Suzuki AX100, don haka kayansu da yawa suna shiga juna. Amma A100 dabam ne da AX100, ko da ya ke sunayensu sun yi kama. A100 da YB100 suna da faifai mai juyawa da ke buɗe wa mai hanya a gefen inji, murfin faifan kuma yana da nasa sil da nasa zoben roba. Ka faɗi cikakken sunan babur ɗinka.

Na biyu, siffa. Akwai sil mai leɓe ɗaya, wanda a kan rubuta wa SC, akwai mai leɓe biyu, wanda a kan rubuta wa TC. Leɓe na biyu aikinsa tare ƙura. A ƙasa irin tamu, mai ƙurar hunturu da yashin rafi, mai leɓe biyu ya fi dacewa da duk inda ke kallon waje. Cikin sil akwai siririn sifirin da ya kewaye leɓen, shi ke matse shi a jikin ƙarfe. Ka duba yana nan, bai yi tsatsa ba. Wasu sil na kiranshaf an yi su musamman domin su tare ta fuska biyu, gama tukunyar tana zuƙa tana kuma turawa. In naka na asali irin wannan ne, ka nemi irinsa.

Na uku, irin robar. Roba ba ɗaya ba ce. Wadda aka fi samu ita ce NBR, baƙa ce galibi, tana jure mai, tana ɗaukar zafi har wajen digiri 100. Akwai kuma FKM, wadda aka fi sani da sunan Viton. Tana ɗaukar zafi har wajen digiri 200, ta kuma fi daɗewa cikin fetur. Ta fi tsada. Sau da yawa ruwan ƙasa ce, amma launi ba shaida ba ne, gama mai jabu ma ya iya rini. Shawara ita ce: sil biyu na kiranshaf, in da hali, a sa FKM, domin su ne cikin zafi da fetur, su ne kuma masu wuyar canzawa. Na sandar giya da na kik da na wajen sarƙa man giya kaɗai su ke tarewa, NBR mai kyau ta ishe su. A tuna dai ba robar da ke jin daɗin gurɓataccen mai. A watan Fabrairu na 2022 hukuma ta sanar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, ababen hawa da yawa kuwa suka lalace. Ka san inda ka ke shan mai.

Na huɗu, shekaru. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Ƙa'idar duniya ta ajiyar kayan roba, ISO 2230, ta ba NBR shekara 7, ta ba FKM shekara 10, da sharaɗin an ajiye su a inuwa, inda zafi bai wuce digiri 25 ba. To, ina shagon kwano a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40? Saboda haka kada tsohon kwali mai tambarin Japan ya ruɗe ka. Sil na asali da ya shekara talatin a rataye ya fi sabon kwaikwayo mai kyau haɗari. Ka taɓa leɓen da yatsa. In yana da laushi, ya komo wurinsa da ka saki, bakinsa kuma yana da kaifi sumul, to da rai. In ya yi tauri, ko ka ga ƙananan tsaga, ka ajiye masa abinsa.

MAGANAR GASKIT

Gaskit na kan silinda shi ke tare wutar inji. Da jan ƙarfe a ke yinsa ko da alminiyam. Ramin tsakiyarsa lalle ya yi daidai da bakin silinda. In gefensa ya leƙo ciki, zai yi ja da zafi ya kunna mai tun lokaci bai yi ba. Na alminiyam sau ɗaya a ke ɗaura shi. Na jan ƙarfe tsantsa, in bai lanƙwashe ba, ana iya maimaita shi: a gasa shi har ya yi ja, a tsoma a ruwa, a goge, zai komo da laushinsa.

Gaskit na gindin silinda takarda ce ta musamman mai jure mai. A nan kauri shi ne magana. Silinda a kansa ta ke zaune, ƙofofin mai da na hayaƙi kuwa a jikinta su ke. In aka sa mai kauri fiye da na asali, ko aka ninka biyu, silinda ta ɗaga, matsin inji ya ragu, ƙofofi su riƙa buɗewa ba a kan lokacinsu ba. In aka sa siriri ƙwarai, fistan ya matso kusa da kan silinda fiye da kima. Ka gwada sabo da tsoho. Ka ɗora shi a gurbinsa tun ba a ɗaura ba, ka ga ramukan sun hau daidai, bai kuma rufe hanyar da mai ke hawa ba. In ya leƙo kaɗan, a gyara shi da reza.

Al'adar yanka gaskit daga kwalin sukari ko na sabulu ta yaɗu. In a daji ne, don a isa gida, ba laifi. Amma kwali yana shan mai ya ruɓe, sa'an nan iska ta samu hanya. In ba a sami gaskit na babur ɗin ba, ana sayar da takardar gaskit falle-falle. A sayi mai kaurin na asali, a ɗora ta a kan ƙarfen, a bi gefen da ƙaramar guduma a hankali har siffar ta fito.

Kada a manta da zoben bakin salansa, da gaskit ko robar da ke tsakanin kafireto da inji. Wannan robar in ta tsattsage, ɓarnarta ɗaya da ta mataccen sil.

Gargaɗi ga kanikawa: gaskit da yawa na zamanin da an yi su da asbesto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurar asbesto tana kawo ciwon daji na huhu. In za a kankare tsohon gaskit, a jiƙa shi da mai tukuna. Kada a goge shi a bushe, kada a hure ƙurar da baki, kada kuma a bar yaran shago su shaƙe ta.

MAGANAR GAM

Tukunyar inji ɓari biyu ce. A Vespa akwai gaskit na takarda tsakaninsu. A yawancin baburan Japan kuwa babu, gam ne kawai. Inda maƙerin bai sa gaskit ba kada ka sa, gama zai buɗa tsakani kiranshaf ya riƙa wasa. Inda ya sa kuma kada ka cire. Gam ɗin da ya dace shi ne mai ruwan toka wanda fetur ba ya narkarwa, irin Yamabond 4 ko ThreeBond 1184. A shafa shi siriri. Jan gam na silikon ba na wannan wuri ba ne. Fetur yana kumbura shi, guntayensa kuma suna toshe ƙananan ramukan da mai ke bi zuwa boris. Gam mai daskarewa kamar dutse shi ma a nisance shi, domin ran da za a sake buɗe injin sai an fasa ƙarfe.

WAJEN ƊAURAWA

Sil mai kyau a hannun mai gaggawa asara ne. Kafin kome, a kama maganeto a girgiza shi sama da ƙasa. In yana motsi, boris ya ci, sabon sil kuwa ba zai daɗe a kan mataccen boris ba. A canza su tare. In an riga an buɗe inji, a canza sil na kiranshaf duka biyu, gama kuɗin aikin ya fi kuɗin robar.

A lura da fuskar da tsohon ke kallo kafin a cire shi, a sa sabon haka nan. A duba inda leɓen ke gogawa a jikin ƙarfe. In farce yana maƙalewa a wurin, ƙarfen ya yi zobe, sai a gyara ko a canza. A shafa ɗan man 2T a leɓen. A rufe kaifin ƙarfe da leda don kada ya yanke shi wajen shiga. A tura shi a miƙe da wani abu mai faɗinsa. Kada a doke shi da sukundireba.

Aikin nan ba na kan yashi ba ne. A shimfiɗa buhu mai tsabta, a wanke kome. Notocin kan silinda a ɗaure su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa mai fuskantarta. Bayan inji ya yi zafi ya huce, a sake bin su. In an taɓa famfon man 2T, wanda Yamaha ke kira Autolube, Suzuki kuma CCI, a fitar da iskar da ta shiga bututunsa kafin a hau hanya.

GWAJI KAFIN A TASHI INJI

Akwai gwaji mai sauƙi wanda ya kamata kowane bakanike ya koya. A toshe bakin salansa da bakin kafireto da roba, a bar fulogi a ɗaure. A sa bakin tiyub a ɗaya daga cikin matosan, a hura iska da famfon keke a hankali. In akwai ma'auni, kada a wuce fam 6, watau wajen ba 0.4, gama iska mai yawa tana iya ture sil. In allura ta tsaya minti biyar ba ta sauka ba, inji ya toshu. In tana sauka, a shafa ruwan sabulu a sil da mahaɗai, kumfa zai nuna wurin. Minti goma na wannan gwaji ya fi tura babur daga Zakka zuwa Safana.

INDA A KE SAMU

Abin da ba a samu a Batsari ko Safana ba a kan same shi a Dutsin-Ma ko birnin Katsina, in ya faskara sai Kano. Kayan babur da yawa ta kasuwar Nnewi ta Jihar Anambra su ke biyowa kafin su iso Arewa. Ga wata dabara: sil da yawa awonsu na gama-gari ne. In mai kayan babur ba shi da naka, ka kai lambar wurin masu sayar da boris da sil na injin niƙa da na ban-ruwa. In awo da siffa da roba sun dace, ba ruwan inji da hoton da ke jikin kwali. Kanikawan gari ɗaya kuma suna iya haɗa kuɗi su aiki mutum guda, su ajiye kayan cikin gwangwani a ɗaki mai sanyi.

A wajen farashi, a tuna araha ba ta ado. Sil da ba lamba a jikinsa, ko mai gemun roba a leɓe, ko gaskit mai karyewa in an lanƙwasa shi kaɗan, ba abin saye ba ne ko da kyauta aka ba ka.

ABIN DA ZA A RIƘE

Farin fulogi da silo marar zama: a duba sil na gefen maganeto. Hayaƙi mai kauri da raguwar man giya: a duba na gefen kuloci. Wajen saye a duba awo, da siffa, da irin roba, da shekaru. Gaskit ya zama mai kaurin na asali. Gam ya zama mai jure fetur. A duba boris, a yi aiki da tsabta, a gwada da iska kafin a tashi inji.

Tsohon babur da aka kula da shi haka zai ƙara shekaru yana yi wa gida aiki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a tashar babura da shagon bakanike da dandalin kasuwa, domin kowa ya amfana.